Tani da Awaki Marasa Ƙaho

A Lambara, in ka gaida Tani da fara'a za ta amsa maka da fara'a, sannan ta yini tana tunanin abin da ka zo nema. In kuwa ka wuce ba ka gaishe ta ba, ta yini tana tunanin abin da ka ɗauka. Haka Allah ya yi ta. Mutanen garin sun daɗe da daina jin haushi, domin mace ce mai sakin hannu, ba a shiga gidanta a fito da ƙishirwa. Sai dai in ta ba ka fura, za ta bi ludayin da ido har ka ajiye shi.

Ido ɗaya gare ta, kuma kowa ya san yadda aka yi. Tana 'yar shekara tara ta sunkuya za ta ɗaure akuyar mahaifiyarta a turke, akuyar ta ɗaga kai, ƙahon ya same ta a idon hagu. Aka yi na wanzami, aka yi na malam, idon ya tsiyaye. Tun daga ranar ba ta ƙara yarda da abu mai ƙaho ba, da ta girma kuma rashin yardar ya yaɗu har ya kai ga masu hula da masu kallabi. Mijinta Bawa, manomin gero mai sanyin hali, yakan ce matarsa ta fi mai ido biyu gani, illa dai rabin abin da take gani babu shi. Yakan faɗi haka ne in ya tabbata ta yi nisa.

Mutum ɗaya ne ya tsira daga wannan hali nata, ƙanwarta Balaraba, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara huɗu tsakaninsu. Tun suna yara, in za su rijiya ko itace, Balaraba ke bin gefen hagunta tana ce mata ga rami, ga jaki na zuwa. Ko da aka aurar da Balaraba aka kai ta Danchadi, can ƙasar Bodinga, zumuncin bai yi sanyi ba. Balaraba na ce mata Adda, ita kuwa ba ta kama sunan ƙanwar, sai dai ta ce 'yar innata. Duniyar Tani kashi biyu ce, Balaraba a gefe guda, sauran bayin Allah da ake sa wa ido a ɗaya gefen. Ba ta da wani wurin da take sauke zuciyarta in ba nan ba.

Duk da abin da akuya ta yi mata, sana'ar Tani kiwon awaki ce, don macen ƙauye ba ta da rumbun da ya wuce akuya. Da ita ake yi wa 'ya kayan ɗaki, ita ake ja zuwa kasuwa ranar da hatsi ya ƙare. Sai Tani ta sasanta tsoronta da bukatarta ta hanya guda. A cikin jajayen awakin ƙasar, jefi-jefi akan haifi wadda ƙaho ba ya fito mata, kanta sumul, to irinsu ta sa kanta nema. Ranar kasuwar Shagari ko ta Bodinga tana can kara, inda ake sayar da dabbobi, tana shafa kawunan 'yan awaki, dillalai na yi mata tsiya cewa ta zo duba masu sanƙo. A hankali ta tara zaɓaɓɓun mata shida marasa ƙaho.

Uban garke ne ya gagare ta. Da rani ana sakin awaki su yi yawo, bunsuran gari masu ƙaho su yi musu barbara, 'ya'yan su fito wasu da ƙaho wasu babu. Masu ƙahon, da zarar ta ji tsini na tasowa ƙarƙashin yatsanta, sai kasuwa. Akan sami maza marasa ƙaho cikin nata, amma ba ta yarda ɗa ya hau uwarsa ko 'yar'uwarsa ba, ta ce iri lalacewa yake yi, don haka duk sai ta sa a dandaƙe su. Burinta ta sami bunsuru bare marar ƙaho, ta killace shi da matan nan, ta huta da ganin ƙaho a gidanta har abada.

Ta same shi a shekarar ƙarshe ta mulkin farar hula, lokacin da motocin siyasa ke zuwa ƙauyuka da alkawarin famfo da shinkafa. Wani mutum daga wajen Kajiji ya kawo shi kasuwar Shagari, ja wur, faffaɗan ƙirji, kai kamar bayan ƙwarya. Tani ba ta yi murna nan take ba, sai da ta zargi mai shi da ƙone ƙahon da ƙarfe tun yana ƙarami. Tun hantsi take tona gashin kan bunsurun tana neman tabo, har azahar, mutumin ya rantse, ya gaji da rantsuwa, ya zauna. Da ta rasa tabon ta saya. Bawa ya ga yadda take lallaɓa shi da dusa da kanwa, ya sa masa suna Ango, sunan kuwa ya bi shi.

Ango bai daɗe da tarewa ba duniya ta juya. Daminar bana ta fi ta bara muni, ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai. Masu alkawarin famfo suka tafi, sojoji suka zo, aka shiga layin sabulu da madara. Harawa ta yi tsadar da mutum zai tsaya ya yi tunani ko shi zai ci ko akuya. Lambara tudu ce, kara ma ya ƙare. Danchadi kuwa akwai fadama, ana lambun albasa da dankali, ba a rasa ɗanyen ganye a bakin ruwa. Sai Tani ta yi abin da ba za ta yi da kowa ba a duniya, ta kora matan shida da Ango ta kai wa Balaraba kiwo, bisa al'adar da suka saba, cikin kowane 'ya'ya uku biyu na mai akuya, ɗaya na mai kiwo. Sharaɗi ɗaya ta kafa, ta kuma maimaita shi har sau uku, cewa kada wani bunsuru ya kusanci awakin nan sai Ango. Balaraba ta ce to, Adda.

Wannan to ɗin ba ƙaramin aiki ba ne. Balaraba ta sa aka yi mata dogon darni na kara a bayan ɗakinta, wanda ko ɗan akuya ba zai tsallake ba. Awakinta biyu na kanta ta fitar da su daga gidan don kada a sami ruɗani. Tunda ba a sakin na Tani, komai sai an kawo musu, safe da yamma tana bakin fadama da lauje tana yankar ciyawa da ganyen dankali, ta ɗauko a ka, ta koma ta ɗebo ruwa. Matan unguwa na mata dariya, wai ta sa awaki a kulle.

Haihuwar farko 'ya'ya goma aka samu, Tani ta zo gani da goronta. Tana shafa kawunansu ɗaya bayan ɗaya, sai yatsanta ya tsaya. Biyu na da tsinin ƙaho. Ta tambayi yadda aka yi uwa ba ƙaho, uba ba ƙaho, ɗa ya zo da shi. Balaraba ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai, amma wallahi ba bunsurun da ya shiga. Tani ta sake shafa tsinin. Ta ƙirga ta ga maza shida mata huɗu, ta ɗaga kai ta dubi darnin. Da can ta yaba tsawonsa, yau kuwa sai ta ji tana tambayar kanta ko an yi shi ne don a hana bunsuru shiga, ko don a hana mutane gani. Ta kori tunanin, ta yi istigfari, amma a mota har gida shi ta yi ta juyawa.

Bayan wata shida abin ya ƙaru. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta fara gemu, wuyanta ya yi kauri, tana warin bunsuru, tana hawan 'yan'uwanta. Aka ɗaga wutsiyarta aka duba da kyau, sai aka ga halittar ba ta mace sosai ba ce, ba kuma ta namiji ba. Mata-maza ce, ba za ta taɓa haihuwa ba, ba kuma za ta ba da ciki ba, sai dai wuƙa. A haihuwa ta biyu aka sake samun irinta guda biyu, waɗannan tun ranar da suka faɗo aka gane, ga kuma wasu masu ƙaho uku.

Daga nan Tani ta daina korar tunanin, ta ba shi tabarma. Ruwa ba ya tsami banza. Shekara ashirin tana kiwo ba ta taɓa ganin mata-maza a turkenta ba. Ta yanke a ranta cewa 'yan matan ƙwarai ake cirewa a sayar, a sayo tarkacen awakin kasuwa masu araha a cike gurbi, tunda ita tana nesa. Da zuciya ta kama wannan hanya, shaida ba ta yi wuya ba. Ta ga sandar sabulu biyu a ɗakin Balaraba a lokacin da mutane ke wanka da toka. Ta ga sabon kwano a jerenta. Mijin Balaraba ya sayar da albasa da daraja a shekarar, kowa a Danchadi ya san haka, amma Tani ba ta tambayi kowa ba, don a ganinta duk bakinsu ɗaya. Ta shiga bin kasuwar Bodinga mako-mako tana leƙen awakin sayarwa, har ran nan ta ci karo da wata 'yar ja marar ƙaho. Ta tambayi dillalin daga ina, ya ce shi bai riƙe ba, mai yiwuwa daga ƙauyukan fadama. Wannan mai yiwuwar ta ishe ta.

Abin ya ci ta ƙwarai, kada a ce bai ci ta ba. Ta rame, abinci ya fita ranta. Da maƙwabciya take zargi da ta ji daɗin kama ta, amma wannan zargin ciwo yake mata, ga shi ta kasa ajiye shi. Bawa ya ce ta bi a hankali, magana zarar bunu ce. Ta dube shi ta tambaye shi nawa aka ba shi.

Ta kai ƙara wurin wansu Attahiru, tela a kasuwar Bodinga, wanda ya zame musu uba tun rasuwar iyayensu. Ya aika aka kira Balaraba, suka zauna su uku a tsakar gidansa. Tani ta jero komai, ƙaho, sabulu, kwano, 'yar akuyar kasuwa, sannan ta juya ga ƙanwarta.

"Ban taɓa ganin mata-maza cikin garkena ba sai da awakina sunka kwana gidanki. Ina ɗiyan awakina na ƙwarai, Balaraba? Ina kik kai su?"

Ranar ce ta fara kiran ta da sunanta tun suna yara. Attahiru ya sa baki, ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ba a kama kowa da komai ba. Balaraba ba ta dube shi ba. Ta daɗe tana kallon yayarta, sannan ta ce a hankali, "Adda, ni kika tuhuma da sata?"

Tani ta ce in ba ta yi ba, ga Alƙur'ani a ɗakin Attahiru, ta dafa. Balaraba ta ce ba za ta dafa littafin Allah a kan awaki tsakaninta da wadda suka sha nono ɗaya ba. Ta tashi ta yafa gyalenta, ta yi wa wansu sallama. Tani ta ɗauki ƙin rantsuwar a matsayin amsa laifi. Kwana uku bayan haka, da la'asar, sai ga Balaraba a ƙofar gidan Bawa, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya, ta koro awakin duka tun daga Danchadi, har da rabonta na kiwo. Ta miƙa wa Bawa igiyoyin, ya roƙe ta ta shiga ta sha ruwa, ta ce ta gode, ta juya. Tani na jin muryarta daga cikin gida, ba ta fito ba.

Yanzu kiwo ya dawo hannun mai shi. Tani ta yi nata darnin, ta sa ƙyaure da kwaɗo, ta ɗaure mabuɗin a bakin zanenta. Ta sayar da tasoshinta na aure ta sayi harawa. Ko Bawa ba ya shiga wurin. Ango ya yi aikinsa, wata biyar suka cika, awakin suka haihu a gabanta, wasu ma da hannunta ta jawo su. 'Ya'ya takwas. Kafin sati uku, biyu daga cikinsu suka nuna ƙaho. Ɗaya kuwa, wadda Tani da kanta ta share wa hanci ranar haihuwa, mata-maza ce.

Wani zai ce a nan ta gane. Wanda ya faɗi haka bai san Tani ba. Kwana biyu ta yi jikinta a sanyaye, rana ta uku zargin ya sami sabuwar ƙofa, wato asiri aka yi wa awakin, wani abu aka ba su suka ci a Danchadi don a lalata mata iri. Ta karɓo rubutu ta zuba musu a ruwan sha. Bawa, wanda ya gaji har ya daina tsoro, ya ce tunda malamin allo ya yi nasa, ta kai wa malamin dabbobi na Bodinga shi ma ya gani. Ta ce za ta je, ba don ta yarda ba, sai don ta ji irin ƙaryar da gwamnati ke koya musu.

Ta same shi ranar kasuwa da safe a kwata, yana duba naman da mahauta suka yanka. Sunansa Malam Sama'ila, dogo siriri mai farar riga da ta sha jini. Ta ajiye 'yar akuyar a gabansa ba ta ce komai ba, don ta gwada shi. Ya ɗaga wutsiyar ya duba, ya shafa kan, sannan ya ce, "Inna, uwarta ba ta da ƙaho, ubanta ma ba shi da shi, ko ba haka ba?"

Tani ta ƙura masa ido. Ta tambaye shi wa ya gaya masa, ko yana da dangi a Danchadi, ko ya san wani tela Attahiru. Ya yi dariya ya ce shi baƙo ne, watansa huɗu da zuwa garin, gidan da yake haya ma sai ya yi tambaya. Ya ce ta biyo shi ta ga wani abu. A shekarun nan yunwa ta sa mutane na sayar da awaki masu ciki, mahauta kuwa ba sa sani sai sun farke. Ya ɗauko mahaifar wata akuya da aka yanka, ya tsaga ta da 'yar wuƙa a hankali, ya fito da ɗan tayi a tafin hannunsa. Bai fi ƙwayar gyaɗa ba, fari-fari, a lanƙwashe, da ɗigon baƙi a inda ido zai fito.

Ya ce mata wannan bai wuce wata ɗaya ba, kuma a yanzu ba wanda zai duba jikinsa ya ce mace ne ko namiji, domin kayan ginin duka biyun suna nan a ajiye. Umarnin yadda za a gina shi, rabi daga uwa rabi daga uba, yana rubuce cikin kowace ƙwayar jikinsa, amma rubutu ba ya karanta kansa. Akwai waɗansu sinadarai ƙanana, su a makaranta furotin suke ce musu, aikinsu shi ne su buɗe wannan umarni su rufe wancan, kowanne a ranarsa. Ya tambaye ta ko ta san yadda ake ban ruwa a lambun albasa. Ta ce ta sani. Ya ce to ruwan ɗaya ne, amma mai tsayawa da fartanya yana buɗe wa wannan fangali yana toshe wancan, shi ke sa wani ya yi kore wani ya bushe. In ranar buɗe hanyar mace ta zo mai buɗewar bai fito ba, sai jikin ya kama hanyar namiji, ya tafi ya tsaya a tsakiya. Ya ce masana ba su kai ga ganin wanda ke wannan aikin a jikin akuya ba tukuna, amma sun daɗe da sanin cewa matsalarsa tare take tafiya da rashin ƙaho. In daga gefe ɗaya ɗan tayi ya gaji rashin ƙahon, lafiya lau. In ya gada daga uwa ya kuma gada daga uba, kuma mace ce, to ga abin da ake samu, wasu ma sukan fito kamar maza sak. Ƙahon da take gani kuwa, yawancin marasa ƙaho suna ɗauke da shi a ɓoye, in na uwa ya gamu da na uba sai ya fito.

Tani ta saurara da idonta guda a kan bakinsa, tana jiran inda zai yi tuntuɓe. Da ya gama ta tambaye shi abin da ya kawo ta, ko ana iya ba akuya wani abu ta ci ta haifi irin wannan, ko kuma a ce musanya aka yi.

"Inna, wannan aiki yana ƙarewa tun mai akuya bai san tana da ciki ba," in ji shi. "Duk wanda ya tsare miki su da bunsurun nan shi kaɗai, ya tsare da gaskiya. Da ya yi sakaci mai ƙaho ya riƙa shiga, da ba ki ga mata-maza ko ɗaya ba."

Ta ɗauki 'yar akuyarta ta fita ba ta yi masa godiya ba. A bakin kwata ta tsaya ta jingina da bango. Ta tuna darnin, ta tuna ƙunshin ciyawa a kan Balaraba safe da yamma, wata goma sha takwas. Danchadi ba nisa daga nan, motocin na lodi a gabanta, yaran mota na kiran sunan garin. Da ta shiga ɗaya a ranar, wataƙila da labarin ya zama wani. Amma hali zanen dutse ne. Kafin ta kai tasha ta fara cewa a ranta, shi ma ɗin wa ya sani, ɗan boko da baki, gani ya kori ji. Ta hau motar Shagari.

Ta ware Ango, ta aro bunsurun maƙwabta mai ƙaho murɗaɗɗe, irin wanda ta yi shekara arba'in tana kauce wa. Ranar da aka shigo da shi ta tsaya daga nesa da hannu a kan idonta mai gani. Wata biyar, 'ya'ya tara, mata biyar, duk lafiyayyu. Bawa ya ce to sai ta shirya ta je ta ba ƙanwarta haƙuri. Ta ce haihuwa ɗaya ba shaida ba ce, a jira su girma a gani, a kuma jira ta biyu. Gaskiyar magana kunya ce ta riƙe ta, ta sa wa kunyar rigar bincike. A tsakanin nan aka yi salla biyu, aka yi sunan jikar Balaraba, ba ta je ba, ba a kuma aiko mata ba. Haihuwa ta biyu ta zo kamar ta farko. Sai da aka shekara biyu da rabi da zaman gidan Attahiru sannan Tani ta ƙulle turmin atamfa da goro a ƙunshi tare da kayan sawarta, ta zaɓi awaki huɗu mafi kyau, ta nufi Danchadi.

Balaraba ta tarbe ta a tsakar gida da lale marhabin, ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma a inuwa, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi Bawa da yara ɗaya bayan ɗaya. Babu ɗaure fuska ko kaɗan. Tani ta yunƙura za ta kai ƙunshinta ɗaki kamar yadda ta saba, Balaraba ta ce ta bar shi nan kusa da ita, ɗakin da zafi. Sannan ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta Asabe, wata dattijuwa, ta zo da ƙwaryar gyaɗarta ta zauna a gefen tabarmar tana ɓara. Tani ta jira ta tafi, ba ta tafi ba. Da ta ce tana da magana ta tsakaninsu, Balaraba ta ce ta faɗa, Asabe ba baƙuwa ba ce.

Haka ta faɗa a gaban bare. Ta ba da labarin kwata da ɗan tayin da mai buɗe fangali, ta rikita rabinsa, ta koma ta gyara. Ta ce laifin nata ne tun daga tushe, ita ta haɗa irin, ita ta kafa sharaɗin, amanar da aka riƙe mata ita ta kira sata. Tana magana hawaye na zuba daga idon mai gani da wanda ba ya gani. Ta ce 'yar innata, ki yafe mini.

"Na yahe miki tun rannan, Adda, duniya da lahira," in ji Balaraba. "Allah shi yahe muna baki ɗai."

Da gaske take, Tani ta ji haka a muryarta. Aka kawo tuwo da miyar ɗanyar kuɓewa suka ci su uku. Atamfa da goro Balaraba ta karɓa ta sa albarka, ta nuna wa Asabe. Awakin ne ta ce a mayar, ta bar kiwo, nata da na kowa. Tani ta yi ta roƙo, ta ce rabonta ne na halal, Balaraba ta yi murmushi ta ce ta sani. Suka yi hirar dangi, wa ya mutu, wa ya haihu, har rana ta karkata. Duk tsawon yinin Asabe ba ta motsa ba, in Balaraba za ta shiga ɗaki sai ta ce Asabe ga Adda nan, in ta fito ta nuna abin da ta ɗauko.

Da la'asar Tani ta tashi, ta ɗauki ƙunshinta za ta aza a ka, tana cewa in Allah ya yarda bayan salla za ta dawo ta kwana biyu. Balaraba ta ce Allah ya kai mu, sannan ta dafa ƙunshin.

"Adda, kwance shi ki duba kayanki gaban Asabe kahin ki hita."

Tani ta ce haba, ai ba bukata, ƙunshin ma bai bar gefenta ba. Balaraba ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Ke ba ki da bukata. Ni ad da ita."

Tani ta dubi ƙanwarta tana neman fushi ko ramuwa a fuskarta, don da ta samu da ta ji sauƙi. Ba ta ga komai ba sai tsoro. Ta durƙusa a kan tabarmar ta kwance ƙunshin, ta fito da zane biyu, da kallabi, da carbi, da ɗan gwangwanin man shafawa, tana ɗaga kowanne sama. Komai na nan. Asabe ta ce ta shaida. Sannan Balaraba ta taya yayarta ɗaurewa, ta aza mata a ka, ta miƙa mata igiyoyin awakin, ta raka ta har bakin ƙofa.